Kukan Gidan Aku

A zauren kakana, a cikin birnin Kano, akwai wani aku da ke zaune a kejin waya rataye jikin azara. Mun taso mun same shi a nan. Yana yin sallama, yana amsawa, yana kwaikwayon tarin Kaka har baƙo ya juya ya ce sannu. Mu yara mukan taru mu yi ta kiransa aku-kuturu sai an fito an kore mu. Ban taɓa tambayar daga ina aka kawo shi ba. Sai da na girma, na kamu da son kallon tsuntsaye, na yi shekaru ina zuwa fadamun Haɗeja da Nguru da rani ina ƙidayar dinya da kirinjijiya, sannan wata rana karin maganar da kowa ya sani ta tsaya mini a rai: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na ce to ai akunmu kukan gidanmu ya yi har ya mutu. Nasa fa?

Wannan tambayar ce ta kai ni kurmin Lobeke, can ƙuryar kudu maso gabashin Kamaru, inda ƙasar ta yi iyaka da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kwango Barazabil. Gwamnatin Kamaru ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 2001. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, an kuma rubuta tsuntsaye fiye da iri 300 a cikinsa. A 2012 hukumar UNESCO ta haɗa shi da gandaye biyu maƙwabtansa na yankin kogin Sanga, wato Zanga-Ndoki da Nuwabale-Ndoki, ta sa su cikin wuraren gado na duniya. Abin da ya ja ni kuwa labarin wata fadama ce a tsakiyar kurmin, ana ce mata Jangi, inda aku ke sauka ƙasa da sassafe garke-garke. Waɗanda suka san hanyarta su ne Baka, mutanen da kurmin ya zame wa gida tun kaka da kakanni.

Na fara da neman lokacin da ya dace. Can ruwa ba ya ɗaukewa sosai sai daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma wanda ya je a watan Oktoba zai iya kwana biyu motarsa na kafe a taɓo. Na zaɓi Janairu. Na sabunta katin allurar shawara, domin ba a shiga Kamaru sai da shi, na ga likita ya rubuta mini maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, na sayi takalmin roba mai tsawo, tanti ƙarami, gidan sauro, fitilar ɗaurawa a goshi da batirin caji guda biyu. Madubin hangen nesa da littafin tsuntsaye na sa su a leda biyu-biyu saboda laima. Kaya masu haske duk na bar su a gida, na ɗauki masu duhu masu dogon hannu, amma na guji baƙi da shuɗi don su ne tsando ke bi.

Na tsallaka iyaka ta wajen Yola zuwa Garwa, daga nan Ngaundare, sai Garwa-Bulai, sai Bertuwa inda kawuna ke da shago shekara da shekaru. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya yi shiru ya dube ni, ya ce, "Ɗana, aku kake so? Ai ko a garin nan sai a samo maka, ba sai ka wahala ba." Na ce, "Kawu, wanda ba shi da keji nake son gani." Bai ƙara magana ba. Da dare ya kira wani amininsa a Yokaduma ya ce ga ɗansa nan zuwa, a riƙe shi amana.

Daga Bertuwa zuwa Yokaduma tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta Baturi. Bayan Baturi, a lokacin, jar ƙasa ce zalla, kuma masu hanyar su ne manyan motocin katako da ke fitowa daga kurmi zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Wata motar gungume uku kacal ke kanta, kowane gungume kaurinsa ya fi tsawon mutum. In sun wuce, ƙura ta rufe ku, direba ya tsaya sai ta lafa. Mun wuni cur a hanya, ga shingayen jami'an tsaro, kowane a nuna takarda. Na isa bayan isha'i, daga hula har takalmi ja wur.

Yokaduma ta ba ni mamaki. A tsakiyar kurmi, ga masallaci, ga mai shayi, ga mai tsire, ana ciniki da Hausa da Fillanci da Faransanci. Da safe na ɗaga kai na ga shirwa tana shawagi a kan kasuwa, irin tamu ce mai rawayan baki, wadda ke gangarowa kudu da rani ta koma mana in damina ta kusa. Mai masaukina, wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi, shi ya zauna da ni muka yi lissafin abinci na mutum shida na kwana shida: shinkafa, garin rogo, kifin gwangwani, tumatirin gwangwani, manja, albasa, sukari, ganyen shayi. Na ƙara da kilishi da ƙuli-ƙulin da na taho da su. Ya haɗa ni da ɗan ƙanensa, saurayi mai jin Faransanci da ɗan abin da ba a rasa ba na Bakanci, ya zama tafintana.

A wurin sayayya ne wani ya ba ni shawara in sayi taba da barasar leda in kai wa Baka, wai da su ake biyansu kuma su suka fi so. Alhaji ya bari sai da mutumin ya tafi ya ce, "Malam, kada ka yarda. Da wannan abin ake cinye musu ƙarfi. Mutum ya yi maka noman wuni guda ka sallame shi da leda biyu, ina tsoron Allah a nan? Ka kai gishiri da sabulu da adda, ladan aikinsa kuma ka ba shi kuɗi a hannunsa." Haka na yi. Ya kuma ja mini kunne a kan suna. A gari za ka ji ana kiransu da kalmar Turawa, pigme, su kuwa sunan da suka san kansu da shi Baka ne.

Hedikwatar gandun tana ƙauyen Mambele, kimanin kilomita 160 kudu da Yokaduma a kan hanyar Mulundu. A nan ake yin takardu. Ana rubuta sunanka da lambar fasfo, da kwanakin da za ka yi da wuraren da za ka kwana, ka biya kuɗin shiga na kowace rana a ba ka rasit. Ba a shiga sai da jami'in gandun daji mai bindiga, da ɗan jagora, da 'yan dako gwargwadon kaya. Cikin waɗanda aka tara mana akwai wani dattijon Baka, gajere, siriri, da silifas ɗin roba da adda a hannu, ya riga ya ɗora buhun shinkafa a baya da igiyar ɓawon itace ta goshi. Na tambayi tafinta wane ne zai nuna hanya, ya nuna shi. Na ce to me ya haɗa mai nuna hanya da buhu? Na ƙara ɗan dako guda, aka sauke wa dattijon kaya. Daga ranar Baba nake ce masa, shi kuma ya ji tafinta na ce mini Malam, ya kama.

Mota ta bi da mu wata tsohuwar hanyar masu katako da ciyawa ta fara cinyewa. Sau biyu muka tarar da bishiya ta faɗi ta tare hanya, aka sauka aka sare. Inda hanyar ta ƙare muka ɗauki ƙafa.

Wunin farko ya yi mini nauyi ƙwarai. Wanda ya koyi kallon tsuntsu a Nguru ya saba da sarari: ka tsaya a bakin ruwa, ka ɗaga madubi, tsuntsu yana nesa amma yana fili. A kurmi bishiyoyi sun kai tsawon mita arba'in zuwa hamsin, ganye kan ganye, ƙasa duhu-duhu kamar bayan magariba. Kuka ta ko'ina, sama da ƙasa, dama da hagu, in na ɗaga madubi sai ganye. Gumi ya sa gilashin ya yi hazo. Ƙananan ƙudan zuma marasa harbi suka yanyame mini ido da kunne suna neman gishirin gumi. Har azahar abin da na rubuta a littafina bai kai tsuntsu biyar ba, alhali a Dagona, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, kafin hantsi na cika shafi.

Baba ya lura. Da muka tsaya shan ruwa ya zo ya dafa madubin da ke wuyana ya saukar da shi kan ƙirjina, ya taɓa kunnensa. Tafinta ya ce, "Wai ka bar ƙarfen nan tukuna, ka fara ji." Muka zauna a kan saiwa. Duk kukan da ya tashi sai ya nuna inda yake da leɓe, ya maimaita shi da bakinsa, ya faɗi sunan mai shi da Bakanci, sannan ya nuna da hannu ko a ƙasa yake yawo, ko a tsakiya, ko can ƙololuwa. Sunaye da yawa kukan tsuntsun ne da kansa, kamar yadda muke da cilakowa. Mun saba cewa gani ya kori ji. A kurmi sai ka ji, ka san wane ne, ka san bishiyar da yake ci, sannan ka je ka jira shi a gindinta.

Daga nan abubuwa suka fara buɗewa. Muka ji wani fuu-fuu-fuu a sama kamar ana fifita wuta da babban faifai. Baba ya ja ni da gudu zuwa inda wata bishiya ta faɗi ta bar taga a sama, sai ga su biyu sun gifta: manyan 'yan uwan cilakowa, baƙaƙe, namijin da wani ƙaton tudu a kan baki da shuɗiyar fata a wuya. Ƙarar fikafikansu ce muke ji. Halinsu ɗaya da cilakowarmu, macen takan shiga kogon bishiya a liƙe ƙofar a bar 'yar kafa, namiji ya yi ta kawo abinci har 'ya'ya su yi ƙwari. Baba ya ce su ne manoman kurmi, domin sukan haɗiye 'ya'yan itace su je nesa su zubar da ƙwallon. Can gaba ya tsayar da mu da hannu, ya nuna ƙasa. Rundunar kwarkwasa ce ta ratsa hanya, faɗinta ya kai taku biyu. Ni da na gan su baya na ja. Shi kuwa ya zagaya da ni gaban rundunar ya ce in tsuguna. Ashe duk ƙwaron da kwarkwasa ta tayar, akwai tsuntsayen da ke biye suna cafkewa. A zama ɗaya na ga iri huɗu, ƙanana masu launin ƙasa, ɗaya da jan tambari a ka, kusa da ni har ba na bukatar madubi. Na samu cizo uku a ƙafa, kuma sun cancanta.

Ya san inda giwa ta bi da safe daga ɗumin kashinta da reshen da ta karya. Da ya ji wari sai ya canza mana hanya ba tare da ya ce komai ba, jami'in gandun ma bin sa yake yi. Ya sare wata igiyar daji mai kaurin damtse ya ɗaga mini, ruwa mai sanyi ya zubo, na sha. Da lokacin salla ya yi na duba alƙibla a waya, na ga ta fi karkata arewa fiye da yadda muka saba a Kano. Na yi alwala a rafi, ni da tafinta muka yi ƙasaru. Da muka sallame na ga Baba ya tsaya nesa kaɗan yana tsare mana baya. Washegari tun ban tambaya ba, da rana ta yi tsaka ya nemo wuri busasshe ya share da adda ya shimfiɗa manyan ganye.

Daren farko mun kwana a wata ƙaramar fadama da ake kira Fetit Saban. A bakin irin waɗannan fadamu an gina rumfunan katako a kan dogayen turaku, suna ce musu mirado, daga nan ake kallo ba tare da an firgita dabbobi ba. Da yamma jajayen ɓauna suka fito kiwo, ƙanana ne a kan na Yankari, da carki a bayansu. Wasu agwagin ruwa masu launin goro da shuɗi a kafaɗa suka sauka a kududdufi. A cikin ciyawar ruwa wani ɗan tsuntsu ya yi ta rera waƙa, Baba ya nuna mini shi sau uku kafin na gan shi: ɗan ƙarami, ruwan ƙasa, ba wani ado. An sa masa sunan kogin Ja na Kamaru, kuma wuraren da aka san yana zaune a duniya kaɗan ne, fadamun kurmin Kamaru da Gabon da maƙwabtansu. Akwai masu tahowa daga Turai saboda shi kaɗai. Da duhu ya shiga wani kuka ya tashi daga ƙasa, mai kauri, mai tsari kamar kiɗan ganga biyu suna amsa wa juna. Nkulengu ke nan, mai kama da kazar ruwa. Ban gan shi ba har na baro kurmin, amma kowane dare da kowace asuba yana nan.

Jangi mun isa ta da la'asar ɗin rana ta biyu, bayan mun ratsa rafuka da ruwa har gwiwa. Fili ne babba, kore shar, kurmi ya kewaye shi kamar ganuwa. Baba ya ce a kwanta da wuri, kuma da asuba ba magana, ba fitila, ba tari in za a iya.

Na yi sallar asuba a kan rumfar, na zauna na jingina da katako. Hazo ya kwanta a kan ciyawa. Gari na fara wayewa sai kurciyoyi suka soma zuwa, korra, 'yan uwan kurciyar gamjin da muka sani. Da farko goma-goma, can sai suka zama kamar hadari, su taso daga bishiyoyi gaba ɗaya, su karkata, su sauka a taɓo, su sake tashi, ƙarar fikafikansu kamar an yi ruwa a kan kwano. Ina cikin kallonsu Baba ya taɓa gwiwata ya nuna gabas.

Tun ban gan su ba na ji su. Fito ne da ihu a cakuɗe, wani siriri mai daɗi kamar sarewa, wani kamar ana jan ƙofar ƙarfe, wani kamar ɗigon ruwa a tulu. Sai ga su sama da bishiyoyi, suna kaɗa fikafikai da sauri-sauri, biyu-biyu, shida, ashirin. Suka sauka a kan wata busasshiyar bishiya a bakin fadamar har rassanta suka yi furfura. Sun fi rabin awa a nan suna surutu, suna gyara wa juna gashin wuya, wasu na reto da ƙafa ɗaya kai a ƙasa. Babu wanda ya yi gaggawar sauka, domin a ƙasa ne shaho ke samunsu. Sai ɗaya ya yi ƙundunbala ya sauko, na biyu ya biyo, sannan bishiyar ta zube gaba ɗaya. Rana ta fito daidai lokacin, ta bugi jajayen wutsiyoyin nan ɗaruruwa a kan koren ciyawa. Suna tafiya a ƙasa da irin tafiyar nan ta gwame da na sani tun ina yaro, suna tsinkar ciyawar ruwa, suna cin taɓo saboda gishirin da ke cikinsa. Na kunna waya na ajiye ta a kan katako tana ɗaukar murya. Madubin ma kasa riƙe shi na yi sosai, idona ya cika. Shekara nawa akunmu ya yi shi kaɗai a zaure, alhali tsuntsu ne da ko ruwa ba ya sha sai cikin jama'a.

Wani abu ya gifta a sama, suka tashi baki ɗaya da ihu, suka koma bishiya. Sau huɗu suna sauka suna tashi kafin hantsi, sannan suka watse cikin kurmi neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja.

Da rana, muna shan shayi a ƙarƙashin rumfar, Baba ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce yana saurayi ya raka masu kamun aku wannan fadamar. Sukan shimfiɗa raga a inda tsuntsayen ke sauka, ko su shafa danƙo a sanduna, su ɗaure aku ɗaya a tsakiya don kukansa ya kira 'yan uwansa. A cusa su a akwatuna a ɗauka a ka har bakin hanya, kuma kafin a kai gari da yawa sun mutu. Ya ce abin da ya gani da safen nan kaɗan ne a kan na wancan zamani. Abin da ke rubuce ya gaskata shi. Akwai shekarun da Kamaru ke ba da izinin fitar da aku 12,000 a shekara, kuma daga 1975 zuwa 2013 an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da doka ta yarda. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar sun ɓace tun daga 1992. Aku ba ya hayayyafa da sauri, ƙwai kaɗan yake yi a kogon tsohuwar bishiya, irin bishiyoyin da na gani kwance a kan motoci. Sai a 2016, a taron CITES, wato yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji a duniya, da aka yi a Johannasbag, aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Na gaya wa Baba cewa a gidanmu an taɓa ajiye ɗaya. Ya tambaya shekara nawa ya yi. Na ce ya haura talatin. Ya girgiza kai ya ce, "Shi kaɗai?"

Kwana biyu muka yi a Jangi. Na ga babban turako mai shuɗin jiki da baƙin tukku, tsawonsa ya haura santimita 70, yana gudu a kan reshe kamar kurege. Na ji gorila na dukan ƙirji daga nesa. A hanyar dawowa Baba ya tsaya a gindin wata bishiya ya tsinci wani abu a ƙasa ya nuna mini a tafin hannu: fikafikan matattun ƙudan zuma da tururuwa suka tara. Ya ɗaga kai ya saurara, ya nuna wani reshe can sama. Ya yi wa wurin alama, ya ce zai dawo da 'ya'yansa. Da igiyar daji da gatari suke hawa, da damin ganye mai hayaƙi, su zuro saƙar a kwando.

Maganar dawowar ce ta buɗe wata. Na tambaya ko an yarda ya shigo ɗibar zuma. Ya dubi jami'in gandun, jami'in ya dubi ƙasa, sannan Baba ya ce yanzu da sauƙi. Tun wajen shekarun 1950 da 1960 hukuma ta matsa wa Baka su fito su zauna a bakin hanya. Daga baya aka yanka kurmin, wani yanki na kamfanonin katako, wani na masu biyan kuɗi su yi farauta, wani gandun daji, mutanen da ke yin watanni a ciki suna haƙar doyar daji da kamun kifi suka wayi gari shiga ta zama laifi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kai ƙara kan duka da ƙona bukkoki da wasu masu gadin daji suka yi. A 2019 ma'aikatar gandun daji ta sa hannu a yarjejeniya da wata ƙungiyar Baka wadda ta ba su damar shiga Lobeke da wasu gandaye biyu don abinci da magani da al'adunsu. Ni ina son gandun nan ya tsaya, don ba don shi ba da ban tarar da aku a Jangi ba, kuma na ga wahalar da masu gadi ke sha da mafarautan hauren giwa. Amma raina bai kwanta da tsarin da zai sa ni, baƙo daga Kano, in shiga da rasit a aljihu cikin kwanciyar hankali, mutumin da ya san sunan kowane rafi kuma ya shiga yana waige-waige ba.

Daren ƙarshe a unguwarsu Baba muka yi shi, a gefen hanyar Mambele. Akwai ɗakunan ƙasa, akwai kuma mongulu, bukkokin da mata ke ginawa da tsumagu su rufe da faffaɗan ganye, ruwa ba ya ratsawa. Wani ɗan gari ya zo ya ce in na biya za a fito mini da Jengi, wato dodon kurmi da Baka ke girmamawa, a yi rawa in ɗauki hoto. Na ce a'a. Addinina daban, kuma abin da mutane suka ɗauka da girma ba na son a mayar mini da shi abin kallo don na zo da kuɗi. Na gaida matar Baba, na miƙa mata gishiri da sabulu, na ba shi addarsa. Ladan aikinsa na ƙirga masa a hannu a gaban tafinta, daidai da na ɗan jagora. Hoto kuwa sai wanda na tambaya ya yarda, wasu sun ƙi, na mayar da waya aljihu.

Aka kawo rogo da miyar ganyen koko da aka yanka siriri kamar zare, da kifin rafi. Bayan an ci, ba wanda ya roƙa, wata tsohuwa ta ɗaga murya, wata ta shigo ta wani wuri, ta uku ta ratsa tsakaninsu. Babu mai bin wata, amma muryoyin sun saƙu kamar tabarma, suna hawa suna sauka tsakanin ƙirji da maƙogwaro. Da safe a rafi na ji 'yan mata suna kiɗa da ruwa, suna dukansa da tafin hannu yana ba da sauti kamar ganguna. Kafin mu rabu Baba ya ce in yi masa kukan wani tsuntsun garinmu. Na yi masa na ragon maza, wanda ke yi kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Ya yi dariya, ya maimaita shi fiye da yadda na yi, ya nuna wajen fadama, ya ce suna da ɗan uwansa.

Da na dawo Kano na je gaida mahaifiyata. Bayan an gama yaya hanya, na ce, "Umma, ga kukan aku a garinsu," na kunna mata abin da na ɗauka a Jangi. Ta karɓi wayar ta kara a kunne. Ihun ya wuce, surutun ya wuce, sai wani fito siriri mai hawa biyu ya fito. Ta ɗaga hannu ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce, "Wannan ai na san shi. Na zauren Malam yana yin sa kullum da asuba, in na fito hura wuta, kafin a buɗe ƙofa. Ku lokacin kuna barci." Ta sake kara wayar a kunne ta ce in ƙara mayarwa.